Daga Zauren Fatoma Zuwa Awon Igiya

'Yan uwana mata, musamman ku amare da ku da mazajenku ke shirin tattaro ku daga garuruwanku zuwa Kano saboda aiki ko kasuwa, yau tarihi nake so mu ɗan taɓa. Ba tarihin yaƙi da sarauta ba, a'a, tarihin ɗakin haya ne da kuɗin mota. Na san wata za ta ce to ina ruwan mace da wannan, ai neman muhalli na maigida ne. Haka ne, shi zai nema, shi zai biya. Amma fa shi da asuba zai sa takalmi ya fice, sai dare ya dawo, ke ce za ki wuni a gidan, ke za ki san ko akwai ruwa ko babu, ke za ki goya yaro mai zazzaɓi ki fita neman abin hawa. Kuma duk kwabon da hanya ta cinye masa, a tukunyarki za a ga giɓinsa.

A da can Kano ba ta san wannan damuwar ba. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya shigo birni a 1851, ya ƙiyasta mazauna cikinsa da kamar mutum 30,000, in lokacin fatauci ya yi su kusan ninkawa. Cikin badala kuwa har gonaki akwai, fili ne fetal a wurare da yawa. Mutum yana kwana ne inda yake neman abincinsa. Ki duba sunayen unguwanni ma kawai za su ba ki labari. Soron Ɗinki da Dukawa sana'a ce ta raɗa musu suna. Marina suna nan kusa da karofinsu a Ƙofar Mata. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana tsakiya, kowa da ƙafarsa yake zuwa ya dawo gida cin tuwon rana.

Baƙo kuma ba ya yawon neman ɗaki. In ya zo, unguwar 'yan garinsu yake nufa. Mutanen Barno suna da Zangon Barebari, Nufawa suna da Tudun Nufawa, Yarabawa suna Ayagi, mutanen Agadas suna Agadasawa, Larabawan da ke tsallako Sahara suna Dandalin Turawa, domin a lokacin su ake kira Turawa. Ayarin raƙuma kuma su ya da zango a Fagge, bayan ganuwa. Wanda yake karɓar baƙon shi ne fatoma, wato mai masauki. Zai ba shi wurin kwana, matan gidan su dafa masa abinci, ya adana masa kaya, ya nemo masa masu saye, in an yi ciniki ya ɗauki la'adarsa. Kin ga kenan da masauki da abinci da wurin ciniki duk a zaure ɗaya suke. In baƙo ya daɗe aka ga halinsa, sai mai unguwa ya nuna masa fili ya gina, wani ma a ba shi 'ya. Da yawa daga cikin waɗanda yau suke bugun ƙirji su ne 'yan asalin birni, in kin bi salsala, kakansu ta zauren fatoma ya shigo.

Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. Ba su zauna cikin birni ba, suka koma gabas, Nasarawa da Bompai, suka bar fili tsakaninsu da mutane wai saboda sauro da zazzaɓi. A 1911 layin dogo ya iso, shekarar da ta biyo baya jirgi ya fara jigila sosai, cinikin gyaɗa ya buɗe. To a nan ne komai ya juya. Tashar jirgi, da kantuna, da ofisoshi, da ma'ajiyar gyaɗa, duk a waje aka kafa su. Akawu da ma'aikatan jirgi da suka zo daga kudu aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Leburori da tsofaffin sojoji 'yan Arewa suka cika Tudun Wada da Gwagwarwa, wadda muke kira Birget. Waɗannan mutane ba fatake ba ne da za su sayar da kaya su koma, kuma ba su da la'adar da fatoma zai ci. Abin da suke da shi albashi ne, ƙarshen wata. Sai masu fuloti suka gane ai ɗaki ma haja ne. A jera ɗakuna sahu biyu suna kallon juna, rijiya ɗaya, banɗaki ɗaya, kowa ya biya nasa. Gidan haya irin wanda muka sani ke nan, da rabon sharar tsakar gida, da faɗan igiyar shanya, da rigimar wa ya bar buta a bakin rijiya.

Duk da haka nisa bai zama abin tsoro ba tukuna. Daga Fagge zuwa Kantin Kwari taku ne. Daga Birget zuwa masana'antun Bompai keke ya isa, wanda ya mallaki Raleigh kuwa ai shi ne ango a unguwa. A ƙidayar 1952 mutanen Kano birni da waje ba su kai 150,000 ba. A ta 1963 sun tasam ma 300,000. Ki riƙe wannan lissafin, don a ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama Kano ta yau, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, sun haura mutum miliyan 2 da dubu 800. A cikin shekara 43 kacal. Ina za a zuba wannan jama'a?

Abubuwa ne suka taru suka yi wa garin rubdugu. A 1967 aka yi jihar Kano, Audu Bako ya zo gwamna, aka buɗe ma'aikatu, kowace da ma'aikatanta masu neman ɗaki. Rabin farko na shekarun 1970 aka yi fari mai tsanani, mutanen karkara da na Nijar suka kwararo, wanda ya zo cin rani ya ƙi komawa. Ga kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, a 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kowa ya sayi babur da rediyo ya ƙara aure, masu gidaje su ma suka ce ai ba za a ci ba su ba, suka ƙara haya. Aka buɗe masana'antu a Sharaɗa da Challawa, can kudu da gari. Ƙauyukan da a da sai an yi guzuri ake zuwa, irin su Gyaɗi-gyaɗi da Hotoro da Na'ibawa da Ɗorayi, gari ya miƙa hannu ya haɗiye su.

Gwamnati ta ɗan taɓuka, ba za a ce ba ta yi komai ba. An gina rukunin gidaje na Kundila, an yi na Gwammaja, zamanin Shagari kuma tsakanin 1979 da 1983 aka yi waɗanda har yau ake kira da sunansa. Ni abin da yake ba ni dariya shi ne gidajen da aka ce na masu ƙaramin ƙarfi ne, sai aka sa musu sunan Kundila, attajirin da Kano take misali da dukiyarsa. Ko da yake sunan bai yi ƙarya ba, don daga baya masu ƙarfin ne suka fi zama a ciki. Amma gida nawa ne duka-duka in an gwada da masu buƙata? Ɗigon ruwa ne a bakin mai ƙishi.

Sai talaka ya nema wa kansa mafita, ita ce awon igiya. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi dokar da ta mayar da ƙasa hannun gwamna, fuloti mai takarda sai wanda ya san hanyar ofis kuma yake da haƙurin jira. Manomin da gari ya iso bakin gonarsa kuwa yana tsoron kada wata rana a karɓe a ba shi diyyar da ba ta taka kara ta karya ba. Sai ya riga su. Ya kira dillali, a kawo igiya a auna, a yanka gonar gunduwa-gunduwa, mai unguwa ya shaida, a sayar. Da yake kowane taku kuɗi ne, ba wanda zai bar filin titi ko makaranta ko asibiti ko magudanar ruwa. Haka manyan sassa na Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Rimin Kebe da Sheka da Ja'en suka tashi. Kada ki raina waɗannan unguwanni, 'yar uwa, su ne suka rufa wa Kano asiri, ba don su ba da miliyoyin mutane ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu. Amma gaskiya ɗaya ce, akwai lungun da mota ba ta shiga, in naƙuda ta tashi cikin dare sai an riƙo mace an tako da ita har bakin titi. Ruwan famfo kuwa, wanda birni ya samu tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, bai bi mutane zuwa can ba, sai rijiya da 'yan garuwa da kurarsu.

To daga nan ne aka raba wurin kwana da wurin neman abinci, kuma aka haifi wani sabon mai gida wanda ba ya ba da ɗaki amma kullum sai an biya shi, wato abin hawa. Da farko tasi ne da ƙananan bas, hayis da kiya-kiya, kwandasta ya maƙale a ƙofa yana ta kiran Bata da 'Yankura. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986, darajar naira ta faɗi, mota da kayan gyaranta suka gagari mutane, sai acaɓa ya cika gari. Ma'aikaci ma in ya tashi daga ofis sai ya ɗan zaga da babur ɗinsa ya samo na cefane. Acaɓa ya yi wa unguwannin awon igiya rana, don shi kaɗai ne yake shiga har ƙofar gida. Amma ga mace akwai takura, ga zani ga goyo ga kaya, ga haɗarin da ya cika asibitin ƙashi na Dala da karayayyu.

A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo babur mai ƙafa uku don mata, jama'a suka laƙaba masa sunan shirin gwamnatin na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu. Kin ga ashe saboda mu aka fara kawo shi. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur a cikin gari, sana'ar acaɓa ta durƙushe, a daidaita ya gaje gari gaba ɗaya, maza suka shigo muka matsa musu. Ya fi babur mutunci da kwanciyar hankali, amma yana da nasa sharaɗin. In kina bakin babban titi, ki shiga da sauran fasinja ki biya kaɗan. In gidanku yana can cikin lungu, sai dai ki ɗauki shata, kuɗin ya ninka sau uku ko huɗu, in damina ce ma direban ya ce shi ba zai kashe mashin ɗinsa a taɓo ba.

Duk wannan kuwa a kan fetur yake tafiya, bari in tuna miki yadda ya yi ta hawa. A farkon 1986 lita kwabo 20 ce. Ƙarshen 1994 ta zama naira 11. A 2012, bayan zanga-zangar da aka yi, aka tsaya a naira 97. A 2016 naira 145. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Albashi mafi ƙanƙanta shi ma ya motsa, daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, amma tafiyar hawainiya yake yi a bayan mai gudu. Wanda ya kama gida a bayan gari lokacin da mai yake da sauƙi, lissafinsa daidai ne a ranar. Bai motsa daga inda yake ba, amma gidan ya yi ta ƙara nisa da kasuwa.

A nan nake so ki ajiye littafin nan ki ɗauko biro. Misali ne kawai zan ba ki, ki sa kuɗin da ya dace da naku. A ce ga gida biyu, ciki da falo kowanne. Ɗaya yana kusa da wurin aikin maigida, naira 300,000 a shekara. Ɗaya yana can bayan gari, naira 180,000. Kowa ya ji zai ce na biyun ya fi sauƙi da 120,000. To a ce daga na biyun sai ya hau abin hawa biyu kafin ya isa, ƙarin abin da zai kashe zuwa da dawowa naira 600 a rana. Kwana 26 a wata, naira 15,600 ke nan. Wata 12, naira 187,200. Ki haɗa da hayar, gidan arha ya tashi a 367,200. Ban sa kuɗin kai yara makaranta ba, ban sa ruwan garuwa ba, ban sa naki zuwa awo ko gaishe da su Inna ba. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

To me ya sa mazajenmu suke ta faɗawa? Ba wauta ba ce, kada ki zarge su. Dalilin shi ne ita haya dunƙule ake biyanta. A da wata-wata ake karɓa, yanzu mafi yawan masu gidaje sai shekara cif, ga la'adar dillali a kai, wani wurin har da kuɗin takarda. Mutumin da ya sauka a gari yau, bai san kowa ba, bai karɓi albashin farko ba, ina zai samo 300,000 a dunƙule? Abin da ke hannunsa shi zai kai shi inda zai kai shi. Shi kuwa kuɗin mota a gutsure yake fita, ɗari biyu nan ɗari uku can, ba ya zafi a ranar, sai ƙarshen wata a rasa inda albashi ya shige. Daga nan a fara zargin juna, shi yana ganin ke ce ba ki iya tattali ba, ke kina ganin ko wata yake kai wa. Wallahi na ga auren da ya girgiza a kan abin da titi ne ya cinye. Shi ya sa nake ganin adashin da mace za ta zuba don a cike kuɗin hayar gida na kusa ya fi mata amfani da wanda za ta kwashe ta ƙaro kujeru da labule.

Akwai kuma asarar da biro ba ya kamawa, kuma tamu ce mu mata. A tsohuwar unguwa mai cike da jama'a, mace tana cikin ɗakinta take neman kuɗinta. Ta yi ƙosai ko ɗanwake ko alala, ta yi kitso, ta yi ɗinki, ta sayar da omo da magi, maƙwabta su aiko yara. A sabuwar unguwa da gidaje suke ɗaiɗai, ga kango ga gona, wa za ki sayar wa? Jarin da kika zo da shi daga gida sai ya narke a cefane. Ga kaɗaici. Biki da suna da gaisuwar mutuwa su ne zumuncinmu, in ba ki je na mutane ba ba za a zo naki ba, amma in kowace fita sai an yi shata, maigida zai fara cewa ki haƙura, a hankali dangi su ce kin yi girman kai tunda kin shiga birni. A littattafan soyayya kullum amarya Nasarawa ake kai ta, gida mai bene da maigadi da direba. Ita ba ta san kwandasta ba. Mafi yawan masu karanta labarin nata kuwa a ɗaki ɗaya suke karantawa, da fitilar waya.

Ba kuma ina cewa kowa ya cusa kansa tsakiyar gari ba ne. Kano ta yanzu ba cibiya ɗaya gare ta ba. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana can hanyar Katsina, 'Yankaba tana hanyar Haɗeja, 'Yan Lemo da 'yan katako suna Na'ibawa hanyar Zariya, sabuwar Jami'ar Bayero tana hanyar Gwarzo. Mai aiki a Dawanau in ya zauna Bachirawa ko Kurna ai a kusa yake, ga haya da sauƙi. Shi wannan mutumin in ya kama gida a Hotoro don wani abokinsa ya ce akwai arha, to kullum sai ya keta gari tun daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Abin dubawa shi ne gidan da wurin neman abincin su kasance a hanya ɗaya, abin hawa ɗaya ya kai mutum ba sai ya sauka ya sake ba. Gadojin sama da aka yi ta ginawa tun daga ta Ƙofar Nasarawa sun rage cunkoso a wasu mahaɗu, amma ba su rage tsawon hanya ko kuɗin mai ba.

Ko gwamnati ma ta gwada ta gani. Tsakanin 2011 da 2015, a zangon Kwankwaso na biyu, an gina manyan rukunai uku, Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya, Bandirawo a hanyar Katsina. Gidaje ne masu kyau, ga titi ga tsari. Amma na sayarwa ne ba na haya ba, kuɗinsu ya fi ƙarfin mai ciki da falo, mai kuɗin kuma yana ganin sun yi masa nisa da harkokinsa, sai da yawansu suka daɗe a rufe ba kowa. A daidai wannan lokacin kuwa igiya ba ta huta ba, tana ta auna gonakin Ungogo da Kumbotso.

Saboda haka in maigida ya ce ya samu gida, ki lallaɓa shi cikin ladabi kada ya biya sai wani naku ya gani, in da hali ke da kanki ko yayarki ko gwaggonki. Dillali da rana tsaka yake kai mutum, lokacin da titi ya yi sarari, kuma ya fi son rani. Ku ce za ku koma da ƙarfe 7 na safe, a tsaya a bakin titi a ga minti nawa ake yi kafin a samu abin hawa, a tambayi nawa ne zuwa wurin aikin, hawa ɗaya ne ko biyu. A ƙirga taku daga ƙofar gida zuwa kwalta. A dubi gindin katanga, in akwai zanen da ruwa ya bari to an san abin da watan Agusta yake yi a wurin. Sauran tambayoyin kuwa ba dillali ake yi wa ba, ba kuma mai gidan ba. Ki yi sallama ki shiga gidan da ke kusa, ki gaishe da matar gidan, ki tambaye ta nawa take sayen jarkar ruwa, wane asibiti take zuwa awo, kuma ranar da naƙuda ta kama ta da dare, da me aka fitar da ita.